Yadda Mutum Ashirin Ke Cin Abinci Kyauta

Jama'a, ni dai an cuce ni, irin cutar da ba a taɓa yi wa ɗan Adam ba tun da aka fara rubutu da tawada. Ku dubi aljihun rigata. Me kuka gani? Babu komai, ko? To a nan wurin, shekara goma sha ɗaya, murfin birona ne yake leƙowa, ruwan zinariya, yana ɗaukar ido tun daga tsallaken titi. Albarkacin murfin nan masu gadi suke ƙame mini. Albarkacinsa aka taɓa ba ni kujerar gaba a wani taro da har aka tashi ban san na mene ne ba. Yau ga biron can a aljihun wando, tsirara, yana ɗiga mini tawada a cinya. Murfin kuwa an taune shi. Taunawa fa, da haƙori! Magidanci guda, da gemunsa da komai, ya jefa murfin birona a baki ya yi masa abin da ake yi wa ƙashin kaza. Kuma har yanzu da nake muku maganar nan bai ce mini "yi haƙuri" ba.

Ku gyara zama ku yi mana alƙalanci.

Wani ne. Ba zan faɗi sunansa ba, don ni ba na tonon silili. Abin da kawai zan ce, ƙanwar matata yake aure, yana gyaran firji da fanka a wani ɗan shago da in ka shiga sai dai ka fito da baya, kuma yana da wushirya. Ban da wannan ba za ku ji komai daga bakina ba.

Bawan Allah ne, ba ruwansa. Aibinsa ɗaya: duk abin da ya gani a rubuce, to ya zauna daram. Surukarmu kuwa, wato Mama, ta daɗe tana yi masa kallon marowaci. Shekara shida da aure bai taɓa kai mata abin da ya fi ƙarfin leda ɗaya ba. Ba rowa ba ce, babu ce, amma daga nesa kamarsu ɗaya. Abin yana cin ransa. Da aka yi wa Mama aikin ido ta warke, sai ya ci alwashin zai kai ta gidan abinci, irin mai ƙofar gilashi da na'urar sanyi, ya fita kunya sau ɗaya a rayuwarsa. Wata uku yana tara kuɗi. Ya haɗa dubu ashirin cif, ko ɗari babu a kai.

Ranar wata Laraba da la'asar sai ga shi a gidana da wata takardar talla, ya naɗe ta huɗu.

"Yaya, kai ne ɗan boko. Duba mini wannan."

Na warware. Ga hoton kaza ta sha suya, ga manyan haruffa ja: RANGWAMEN IYALI! Kowane kai dubu shida, ka ci iya cikinka. Duk mutum ɗaya da ya zauna a teburinka, mun rage maka kashi biyar cikin ɗari na kuɗin gaba ɗaya.

Ya ce, "Mutum huɗu nake so. Dubu ashirin za ta kai?"

Mutum huɗu. Na ƙirga a zuci: shi, matarsa, Mama, matata. Na sake ƙirgawa daga ƙarshe zuwa farko. Ban ga kaina ba.

Ni fa ba abincin ne ya dame ni ba. Kowa ya san ni ba na kwaɗayi. Maganar mutunci ce. A ce ni ne babban suruki, a ɗauki matata a tafi, a bar ni a gida da sauran shinkafar jiya? Kazar da ke jikin takardar ma sai kallona take yi.

Na zaro biro, na cire murfin a hankali don ya gani. Na ce, "Ƙanena, wannan ba lissafin yatsu ba ne. Aljabara ce."

"Wace ce?"

"Lissafin manya. Ka yi sa'a. A aji uku na sakandare ni na zo na biyu, wanda ya zo na ɗayan ma kusa da ni yake zama."

Na jawo ambulan ɗin takardar kuɗin wuta na juya bayansa. Na ce, "Yawan mutanen da za su ci, mu kira shi x."

"Waye x?"

"Duk wanda ya zo."

"Yana ci da yawa?"

"Ba ruwanka da cikinsa, kansa ake ƙirgawa. Dubu shida sau x, kuɗin ci ke nan. Kashi biyar na dubu shida kuwa ɗari uku ne. Kowane kai yana rage wa kowane kai ɗari uku. Wato ɗari uku sau x, sau x kuma."

Na rubuta masa da kyakkyawan rubutuna: Kuɗi = 6,000x − 300x². Har na ja layi biyu a ƙasa. Ya kalli abin kamar an nuna masa hoton cikinsa a asibiti.

Na sa huɗu. Dubu goma sha tara da ɗari biyu.

Ya yi tsalle. "Alhamdu lillahi! Har da canjin ɗari takwas na mota!"

Na ce, "Tsaya. Mu gwada biyar, don ƙarin ilimi kawai."

Dubu ashirin da biyu da ɗari biyar.

"A'a, Yaya, ai ya ƙaru."

Na sa shida. Ashirin da biyar da ɗari biyu. Gumi ya fara karyo mini. Na tsallaka zuwa goma. Dubu talatin.

"Yaya, bar shi haka. Huɗun ta isa."

Na ce, "Kai dai ba ka da haƙuri. Ka taɓa ganin tudun da ba shi da gangara?"

Wallahi lokacin da na faɗi haka ban san da gangarar ba, baki ne kawai ya riga ni. Amma da na sa sha ɗaya, sai na ga ashirin da tara da ɗari bakwai. Ya sauko! Na sa sha biyar, ashirin da biyu da ɗari biyar. Na sa sha shida. Na duba, na sake dubawa. Dubu goma sha tara da ɗari biyu.

Na ajiye biro na harɗe hannu. "Ka gani? Mutum sha shida da mutum huɗu kuɗinsu ɗaya. Kai da za ka je ka cuci mutum goma sha biyu haka kawai."

Ya riƙe baki. "To ashirin fa?"

Na buga. Dubu ɗari da ashirin, a cire dubu ɗari da ashirin.

"Sifiri."

"Sifiri kamar yaya?"

"Kamar a ci, a wanke hannu, a ce musu sai an jima."

"To su ina ribarsu?"

"Kai ka buɗe musu gidan abincin? Talla ce. Haka manyan 'yan kasuwa suke yi, su yi asara kullum, a ƙarshen shekara su ci riba."

Ya gyaɗa kai, ya naɗe ambulan ɗin ya sa a aljihun ƙirji kamar takardar fili. Ni kujera ɗaya kawai nake nema, ku shaida. Ba laifina ba ne da ya zama sai an shigo da goma sha biyar kafin tawa ta sami wurin zama.

Ranar Asabar ƙarfe ɗaya na rana muka hallara. Ya gayyato dangi kaf: Kawu, mai cewa likita ya hana shi cin komai, Gwaggo da 'ya'yanta mata uku, yayyen matanmu da matansu, har da mai gidan da yake haya. Ma'aikatan suka haɗa mana tebura biyar, sai da suka ture tukunyar fure. Mama ta zauna a kujerar gaba, sanye da sabon tabarau, tana kallon fitilun sama tana cewa ashe haka duniya take da haske.

Mutuminku ya tsaya yana ƙirga kawuna da yatsa. Ya ƙirga sau uku. Ya zo kunnena.

"Yaya, sha tara ne. Mijin Gwaggo ya ce ƙafarsa ta kumbura."

Na karɓi ambulan na buga a gefensa. "Dubu biyar da ɗari bakwai. Ai ka ci banza."

"Sifiri aka ce mini."

Kafin in ce wani abu ya fice. Minti biyu sai ga shi riƙe da hannun wani mai tallan tsintsiya. Mutumin yana turjewa yana cewa, "Wallahi ban taɓa komai ba, wucewa kawai nake yi!"

"Zauna, baba. Ci za ka yi."

"Nawa?"

"Kai ne ma kake taimakona."

Mai tsintsiya ya jingine kayansa a jikin na'urar sanyi, ya zauna kusa da Kawu, ya naɗe hannun riga.

Da an tsaya nan ma da sauƙi. Sai mutuminku ya sake dawowa, wannan karon da ƙarfi, Mama tana ji: "Yaya, to in an wuce ashirin fa?"

Ku gaya mini, suruka tana kallona da sabon ido, in ce ban sani ba? Na zaro biro. Ashirin da ɗaya. Na rubuta abin da ya fito: −6,300.

"Wannan 'yar sandar da ke gaba fa?"

"Alamar ragi ce. Kuɗin ya juya baya."

"Ya juya ina?"

"Wajenka."

Ya zaro ido. "Su za su biya ni?"

Na ce, "Lissafi ne ya faɗa, ba ni ba."

Ban rufe baki ba na hango shi a tsakiyar titi yana ɗaga hannu biyu. Ya tare wani direban tasi ya shigo da shi har da fasinjansa, wani mai jaka da yake ta duba agogo yana cewa zai makara. Ya kawo wasu ƙarti biyu da suke ɗauke da katifa, suka jingine ta a bakin ƙofa, sai da kowa ya riƙa shiga a karkace. Ya kawo mata biyu masu jiran bas. Ya kawo mai gadin shagon magani na maƙwabta, da kulkinsa. Wani ya leƙo yana tambayar hanyar tasha, aka ce ya zauna tukuna, za a nuna masa. Wani kuma banɗaki kawai ya shigo nema, yana fitowa ya tarar da faranti a hannunsa.

Ashirin da tara.

Manajan wurin ya fito da kansa, wani gajere mai sanƙo da ɗan kwat, murmushi har kunne. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mutum ashirin da tara zan rubuta?"

"Talatin."

Manaja ya ƙirga. "Ashirin da tara nake gani."

Mutuminku ya nuna matarsa, wadda cikinta ya shiga wata takwas. "Wannan su biyu ne."

"A'a, yallaɓai, ba ma ƙirga wanda bai zo duniya ba."

"A kan me? Ba mutum ba ne? Ai shi ya fi kowa ci a gidanmu! Wato don kun ga kuɗi zai ƙaru shi ne za ku danne mini kai guda?"

Matarsa tana jan rigarsa tana cewa, "Don Allah ka zauna, ana kallonmu." Shi kuwa sai ɗaga murya yake. Manaja ya kalle shi, ya kalli sama, ya ce, "Shekarata goma sha huɗu a sana'ar nan, ban taɓa ganin wanda ya yi rigima a ƙara masa kai ba. An rubuta talatin."

Mutuminku ya dawo ya zauna yana huci kamar wanda ya ci shari'a. Ya raɗa mini, "Nawa ke nan?"

"Dubu casa'in."

Ya lumshe ido. Na ji yana lissafa wa kansa sabon injin walda da fentin shago.

Mai kai abinci ya zo ya ce, "Lemo fa, a kawo?" Mutuminku ya kalle ni. Ni kuma bakina cike da cinyar kaza, na ɗaga hannu na ce, "x bai hana lemo ba." Aka fara sauke kwalabe.

Jama'a, an ci abinci a wurin nan. Kawun da likita ya hana cin komai sau huɗu yana zuwa layi, ya ce kifi ba ya cikin abin da aka lissafa masa. Ƙartin katifa kuwa, sai ƙarar cokali. Fasinjan tasi ya cire agogonsa ya sa a aljihu. Gwaggo ta buɗe jakarta a kan cinya, duk kazar da ta wuce ta gabanta ba a sake jin labarinta ba. Mai masaukinmu kuwa yana zagaya tebur yana dafa kafaɗu: "Ku ci, bayin Allah! Ku ƙara! Zamanku ribata ce!"

Mama ta ajiye cokali, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Ashe haka yaron nan yake? Ashe duk shekarun nan idona ne ba ya gani. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Dubi har bayin Allah na kan titi." Sannan ta waiwayo ta kalle ni ta saman tabarau. "Wasu kuwa sai dogon bayani."

Na haɗiye wannan da lemo. Ni da na ƙirƙiro abin!

Wajen ƙarfe uku aka fara sakace. Mutuminku ya karɓi jakar matarsa ya zazzage kayan ciki a kan tebur, ya ce in raka shi. Muka isa wurin biya. Kashiyar wata dattijuwa ce mai tabarau da igiya, irin waɗanda ba sa dariya sai ranar albashi. Ta danna na'urarta, takarda ta fito tana ta fitowa kamar ba za ta ƙare ba.

Ta ce, "Dubu ɗari da sittin da biyar."

Ya yi murmushi ya girgiza kai. "A'a, Hajiya, casa'in ne. Ba na son in cuce ku."

"Casa'in kamar yaya?"

Ya buɗe bakin jakar ya ɗora a kan kanta. "Casa'in kawai za ku ba ni. In babu canji, ku ba ni tamanin da biyar, na yafe sauran."

Matar ta cire tabarau ta goge ta mayar. "Mu ba ka?"

Ya zaro ambulan ya shimfiɗa mata, ya sa yatsa a kan 'yar sandar. "Ya juya baya."

Ta karanta. Ta daɗe tana karantawa. Ta ce, "Wa ya rubuta maka wannan?"

Ni a lokacin wani hoton teku da ke jikin bango ya ɗauke mini hankali ƙwarai.

Ta ƙwala wa manaja kira. Ya zo, ya duba ambulan, ya duba jakar da aka buɗe, ya dafa kanta, kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. Da ya samu numfashi sai ya zaro takardar talla irin tamu daga cikin tarin da ke gefe, ya nuna can ƙasa, ƙarƙashin ƙafar kazar. Wani ɗan rubutu ne kamar sawun tururuwa.

Mutuminku ya kai idonsa kusa ya karanta a hankali: "Rangwame ba ya wuce kashi ashirin cikin ɗari. Ban da abin sha."

Ya ɗago. "Yaya, wannan yana cikin x?"

Kashiya ta ce, "Ba ni biro." Kafin in yi motsi ya kai hannu aljihuna ya zare, ya miƙa mata biron, murfin ya rage a hannunsa. Ta ja layi ɗaya ta soke aikina na kwana da kwanaki, ta rubuta a ƙasa: 4,800x + lemo.

Ta ce, "Ga namu. Naku yana hawa ya sauko. Namu hawa kawai ya iya. Talatin sau dubu huɗu da ɗari takwas, ɗari da arba'in da huɗu. Lemo kwalba arba'in da biyu, dubu ashirin da ɗaya."

A nan ne aka yi ta'asar. Ina ji ina gani ya kai murfin bakinsa. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Na ce, "Kai, murfina!" Ko kallona bai yi ba. Idonsa yana kan lambar, haƙoransa suna aiki.

Can ya zabura. "To a rage x! Duk wanda ba danginmu ba ya tashi!"

Muka waiwaya. Katifa ta ɓace daga bakin ƙofa. Tasi ta tashi. Mai neman hanyar tasha ashe ya san hanya. Saura mai tsintsiya kawai, ya zo yana sakace, ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Allah ya ƙara buɗi, Alhaji. Duk Asabar ake yi?"

Mutuminku ya juya wajen manaja. "To a cire na cikin ciki. Ai bai ci ba."

"Kai ka ce ya fi kowa ci."

"A gida nake nufi!"

"Gaban shaidu ka ɗaga mini murya, yallaɓai. Ya shiga na'ura."

Ni kuwa na tuna ban rufe gilashin mota ba. Na yi taku biyu, sai na ji an riƙe gefen rigata. Matata ce. Ta ce, "Ina zuwa, maigida?"

"Mota zan duba."

"Yaushe ka sayi mota?"

Dangi duk sun taso sun kewaye mu. Gwaggo ta rungume jakarta a ƙirji. Kawu ya ce shi dama kusan bai ci komai ba. Mama ta ratso tsakiya da sandarta ta ce, "Miƙo mini takardar nan." Ta kai ta kusa da tabarau, ta nisanta, ta sake kusantowa. Likitan nan da ya yi mata aiki, Allah ya isa tsakanina da shi, ya iya aikinsa.

Ta ce, "Na san rubutun nan. Mutum ɗaya ne a duniya yake yi wa lamba shida wutsiya kamar ɓera."

Na ce, "Mama, lissafin daidai yake. Duniyar ce ba ta bi shi ba."

Matata kuwa hannu kawai ta zura a aljihun cikin rigata, wanda ban san ta san da shi ba, ta zaro kuɗin da na rantse mata tun farkon wata cewa babu su. Ta ƙirga dubu ashirin da ɗaya ta ajiye a kan kanta. Ta ce, "Na lemo. Tunda x bai hana ba."

Shi kuma ya fito da dubu ashirin ɗinsa, waɗanda suka sha naɗi har sun yi laushi, ya ajiye. Saura ɗari da ashirin da huɗu. Manaja ya daina dariya, ya fara shafa wayarsa. Matar mutumin ta fara hawaye. Shi kuwa ya kasa ɗaga ido ya kalli Mama.

Ana cikin haka sai wani abu ya yi gurnani daga kicin, ya yi tari, ya mutu. Mutuminku, ko a bakin kabari aka kai shi ba zai bar hali ba, ya karkata kunne ya ce, "Kwamfiresar firji ce. Gas ya yi ƙasa."

Manaja ya ajiye waya. "Ka iya gyara?"

"Sana'ata ce."

"Irinsa huɗu ne a baya, biyu sun mutu tun bara. Ga na'urar sanyi shida, duk ɗiga suke."

Nan take aka ƙulla: kullum in ya rufe shago da yamma ya zo, har wata uku. Kashiya ta rubuta, da birona, suka sa hannu.

Na ce to, yanzu dai Mama za ta wanke shi tas. Ina! Ta dafa kansa a gaban kowa ta ce, "Ɗago kanka. Ka ciyar da mutum talatin, har da wanda ba a haifa ba, kuma da guminka za ka biya. Wane ne a dangin nan ya taɓa yi?" Yanzu duk wanda ya je gaishe ta sai ya sha labarin. Jiya ma an ce mutanen sun kai sittin.

Kun ji fa. Shi ya tashi da albarka, ni na tashi da aljihu a zazzage. Ina adalci a nan?

To, amma tunda ku ne, kuma na ga yadda kuke kallona, bari in ƙarasa. Shekaranjiya matata ta tilasta mini in kai masa akwatin kayan aikinsa da ya manta a gidanmu. Na same shi a bayan kicin ɗin, kwance a ƙasa, rabin jikinsa a ƙarƙashin firji, ƙafafu kawai ake gani, ruwan kifi yana ɗiga masa a wuya. Na tsaya na ɗan jima. Ni mutum ne mai taushin zuciya, shi ne babban aibina.

Na ce, "Ƙanena."

"Na'am, Yaya. Miƙo mini sufana mai lamba goma."

Na miƙa masa. Na ce, "Akwai wata 'yar magana. Ƙaramin rubutun nan na ƙarƙashin kaza."

"Eh."

"Na gan shi tun ranar Laraba. Babban yatsana ne a kai."

Sufana ta daina motsi.

Na ce, "Ni fa ban yi zaton za ka tare titi ba. Cewa na yi in an zo biya, dangi za a ɗan yi karo-karo a rufa asiri. Kai ma da laifinka. Ka ce mutum huɗu, na ƙirga ban ji kaina ba. Kai, matarka, Mama, matata. Ni ko oho?"

Ya turo kansa waje a hankali, fuska duk baƙin mai. Ya kalle ni ya daɗe.

"Yaya, ai kai ne na huɗun. Ni a gida zan ci in ƙoshi, in mun je in ce cikina na ciwo."

Na ce, "Kai! To me ya hana ka faɗa tun a ranar?"

Ya koma ƙarƙashin firjinsa.

"Sau biyu na fara. Ka ce in yi shiru, kana neman x."